Jan Zare a Jikin Ƙofa

"Ina matar?"

Abin da Darakta ya fara cewa ke nan da na yaye ƙyallen da na lulluɓe zanen da shi.

Ba sannu da aiki, ba komai!

Zauren gwajin wasa ya yi tsit. 'Yan wasa suka baro kujerunsu suka zagaye mu, kowa na leƙe ta kafaɗar ɗan'uwansa.

"Na ce ina matar? Mace na ce ki zana mini a bayan ƙofa, mijinta na mutuwa a waje. Ke kuma kin kawo mini ƙofa zalla!"

"Da tulu," in ji wani daga baya.

Aka kwashe da dariya. Wadda ta fi kowa ƙyaƙyatawa ita ce Tauraruwa, wadda za ta fito a matsayin matar. Ta ɗage gilashinta zuwa goshi, ta karkace baki.

"Wai dama saboda wannan aka ƙi zana fuskata? Ƙofa ta fi ni kyau ke nan?"

Na dube ta sama da ƙasa, na yi murmushi.

"Ta dai fi ki haƙurin tsayuwa wuri ɗaya."

Dariyar ta koma kanta. Ni kuwa na juya ga Darakta, na haɗa ido da shi ban ƙifta ba.

"Matar tana nan, ranka ya daɗe. Kai ne ba ka gan ta ba."

Wasan da suke shiryawa tsoho ne, tun kafin a haifi kakanninmu ake yin sa. Labarin wani jarumin yaƙi ne da ya damƙa wa matarsa mabuɗin ƙofar birni ranar da zai fita fagen daga, ya ce kada ta buɗe wa kowa sai yaƙi ya ƙare. Da aka ci su, ya dawo jina-jina, abokan gaba na biye da sawunsa. Ya yi ta kiran sunanta a bakin ƙofa. Ba ta buɗe ba. Ya mutu a waje, birni ya tsira, ita kuma baƙin ciki ya kashe ta, jama'a na jifan ta da sunan mai zuciyar dutse.

Cibiyar wasan ce ta ɗauke ni in zana babban hoton da za a rataye a bakin zaure ranar buɗewa. Na zana ƙofar kamar yadda wanda ke ciki zai gan ta. Sakata a danne. Tulu a kife a ƙasa, ruwansa na malala ta ƙarƙashin ƙofa zuwa waje. Sai 'yan takalman yara jere a gindin bango.

"Takalman nan su ne dalilin da ya hana ta buɗewa," na ce ina nunawa da burushi. "Ruwan nan kuma shi ne abin da ta iya ba shi."

"Babu tulu a cikin littafin."

"Akwai. Ka sake karantawa."

Jijiyar goshinsa ta miƙe. Dogo ne, mai ƙaramin gemu, ko yaushe hannun rigarsa a naɗe kamar mai shirin faɗa. Na lura ba a saba mayar masa da magana ba.

"Idan na ce ban karɓa ba fa?"

"Sai in naɗe abina in tafi. Amma fuska kam ba zan ƙara ba."

Na mayar da lulluɓin, na sa aka ɗora mini zanen a mota, na yi tafiyata.

*

Ɗakin zanena yana saman shagon ɗinkin Gwaggo, yayar Babana. Washegari da hantsi ina wanke burusai, sai na ji muryarta daga ƙasa, ta danne ƙarar keken ɗinki.

"Auta! Ga wani dogo nan da littafi a hammata, fuska kamar an aiko shi da saƙon mutuwa!"

Darakta ne, ya hawo yana haki. Bai ko zauna ba ya buɗe littafin.

"Na gani. Mai gadi yana ƙorafin taɓo a bakin ƙofa alhali ba a yi ruwa ba. Ai jinin mijin ne."

"A wane ɓangare mai gadin yake tsaye?"

Ya duba. Ya sake dubawa.

"A ciki..."

"Jinin wanda ke waje ne zai yi taɓo a ciki?"

Ya sauke numfashi, ya ja kujera ya zauna a kan tsumman fenti. Ban gaya masa ba sai da ya gama zama.

Na zaci ya sallama. Ashe da sauran magana a bakinsa. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "To, na yarda da tulunki. Amma kin wanke ta tas, Malama. Ƙofar nan taki lafiyayya ce, ba alamar an taɓa son buɗe ta. Mace ta ji mijinta na kiran sunanta har muryarsa ta ɗauke, ki ce hannunta bai je kan sakata ba? Ina abin da ya ci ta?"



Gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi.

"Zan nemo shi," na ce.

"Zan zo in ga kin nemo."

Da ya miƙe, bayan wandonsa ya zama shuɗi. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan shi ne hatimin gidan, duk wanda ya samu sai ya dawo.

Ya kuwa dawo. Yau ya zo da hujja, gobe ya zo da tambaya, jibi ya zo ba komai a hannunsa sai ledar lemo. Gwaggo ta kan hawo da ɗinkin hannu ta zauna a bakin taga, wai hasken sama ya fi. Mu yi ta musu kan matar nan kamar maƙwabciyarmu ce. Na gwada zana tsatsa a sakata, ya ce ƙarya ce. Na gwada sawun yatsu, na goge da kaina.

Wata rana da la'asar ya ajiye littafin a gefe.

"Mai gardama..."

"Na'am, mai taurin kai."

"Na gaji da zuwa da dalili. Dalilaina sun ƙare."

Ban ajiye burushin ba.

"To me ya kawo ka?"

"Ke."

Gwaggo ta yi tari, ta ce allurarta ta faɗi, ta duƙa nema ba ta ɗago ba.

"Ina son ki," ya ce a hankali. "Tun ranar da kika ce in sake karantawa. Ba wanda ya taɓa mayar da ni makaranta a gaban yarana sai ke."

Na juyo na dube shi sosai.

"Na sani."

"Kin sani?!"

"Mai zane ce ni. Kallo ne sana'ata." Na sunkuyar da kai, murmushi ya ƙwace mini. "Ni ma... na daina jin haushin ƙarar takalminka a matattakala."

"Wannan ce amsar?"

"Ka sake karantawa."

*

Tauraruwa ba ta yi barci ba.

Ta fara tare ni a bakin cibiyar, tana juya zobe a yatsa.

"'Yar'uwa, shawara zan ba ki don Allah. Ni da Darakta magana ta yi nisa, manya sun shiga. Kada ki ɓata lokacinki."

"Allah sarki," na ce. "Zo mu je."

"Ina?"

Na kama hannunta, ban sake ta ba sai tsakiyar zaure, inda yake gyara wa wasu tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, wai an sa muku rana? A gaya mana mu fara tanadin gudummawa."

Ya dubi zoben, ya dube ta.

"Wannan ba zoben kayan wasa ba ne? Tun jiya mai kula da kaya ke neman sa."

Ta fizge hannunta ta fice, ƙafarta na harɗewa.

Na ɗauka ta haƙura. Ashe kantin maganin Babana ta nufa.

Da na koma gida na tarar da shi a falo, ko rigar aiki bai cire ba. Mama na gefe ta yi tagumi.

"Auta, zauna."

Na durƙusa.

"Wata yarinya ta zo sayen maganin ciwon kai, ta bar ni da ciwon kai. Gaskiya ne ɗan wasan kwaikwayo ke zarya a ɗakin aikinki?"

"Gaskiya ne, Baba. A gaban Gwaggo. Kuma yana shirin turo manyansa."

"Kada su wahalar da kansu."

"Baba, mutumin kirki ne. Da za ka gan shi sau ɗaya..."

"Na ga irinsa!" Muryarsa ta tashi, abin da ban saba ji ba. "A gidanmu na gan shi. Kin ce in bar ki ki yi zane, na bar ki. Amma ɗan wasa ba zai shigo zuri'ata ba ina raye. Kin riga kin ɗauki alkawarin aikinsu, ki cika. Daga ranar da aka rataye hoton nan, ke da shi sai a lahira."

Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da na je wurin Gwaggo.

Ita ta ba ni labarin da ba a yi a gidanmu. Suna da ƙane, mai barkwanci, wanda ya bar karatu ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa. Mahaifinsu ya rantse ba zai sake taka masa gida ba. Bayan shekaru ya dawo ba lafiya, tsohon ya hana a shigo da shi. Babana, yana saurayi a lokacin, shi aka sa ya tsare ƙofa. Ƙanen ya juya, bai daɗe ba aka aiko da labarin rasuwarsa.

"Ba wasan yake ƙi ba, 'yar nan," in ji Gwaggo tana share ido da gefen mayafi. "Tunawa yake ƙi."

Na kira Darakta a waya.

"Kada ka sake zuwa, kada ka kira ni, sai Baba ya yarda."

"Hasken idona, kin san abin da kike cewa kuwa? In bai yarda ba fa?"

"Zai yarda."

"Da me kika dogara?"

"Na san Babana, na kuma san abin da na zaɓa. Ba zan bi ta bayan gida in aure ka ba. Kai dai ka riƙe mini kanka."



"Na riƙe," ya ce.

Na kashe wayar, sannan na yi kukan da ya rage.

*

Ranar buɗewa na isa cibiyar da safe don a rataye zanen, wanda na kai ɗakin ajiyarsu tun ana gobe. Har lokacin ban samo abin da ya ce babu ba, na dai haƙura.

Na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar ɗakin ajiya.

An tsarga zanen da reza. Tun daga saman ƙofar har ƙasa, tsaga ɗaya doguwa, ta bi ta gefen sakata.



"Ayya!" Muryar Tauraruwa ce a bayana. "Ashe ƙyallen ba ƙwari. Amma kada a damu, Allah ya sa na buga babban hotona, yana mota. Sai a rataye shi kawai."

Kowa ya juya ya dube ta. Ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi ta san za a buƙaci wani hoton.

Darakta ya iso, idanunsa jawur.

"Ki cire kayan wasan nan ki bar mini zaure! Ko da za a fasa wasan yau!"

"Ba za a fasa ba," na ce.

Wannan ce maganar farko da na yi masa tun ranar wayar.

"Kin ga abin da ta yi miki kuwa?"

"Na gani. Amma duk cikinsu ba wadda ta kai ta iya taka rawar matar nan, kai ma ka sani. Ka bar ta ta yi."

Ina magana idona na kan tsagar. Ta buɗe kaɗan, kamar ƙofar ta fara rabuwa.

Na ciro waya.

"Gwaggo! Babbar allura da jan zare mai kauri, irin na ɗinkin labule. Yanzu-yanzu, don girman Allah!"

Gwaggo ba ta tuƙi, kuma ba ta yarda da motar haya in tana sauri. Kantin Babana ta je ta tsaya masa a ka.

"Tashi ka kai ni. Ni na goya ka, ba za ka ce mini a'a ba."

Haka Babana ya tsinci kansa a cibiyar wasan kwaikwayo, wurin da ya rantse ba zai taka ba.

Ban ma san ya shigo ba. Na durƙusa a gaban zanen, Darakta na riƙe da katakon ta baya, Gwaggo na zura mini zare. Ban ɓoye ɗinkin ba. Manya-manya na yi shi, a karkace, wani kan wani, kamar na wadda hannunta ke karkarwa. Allura ta soke ni, ban tsaya ba. Da na kai ƙasa na bar bakin zaren yana reto cikin ruwan tulun.

Na ja da baya.

Ƙofar ta tashi daga lafiyayya. Ta zama ƙofar da ta tsage don son buɗewa, aka kuma ɗinke ta da hannu daga ciki.

Darakta ya zagayo ya tsaya kusa da ni.

"Ga shi nan... Ga abin da ya ci ta."

Tauraruwa na tsaye a gefe cikin kayan wasa. Ta daɗe tana kallo, ta sa hannu ta rufe bakinta, ta shige ciki da sauri.

Sai a lokacin na hango Baba.

Yana tsaye a gaban zanen, mabuɗin mota a hannu. Jama'a sun fara shigowa suna ratsa shi, bai motsa ba. Na matsa kusa da shi a hankali.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Na wajen... ya san haka na cikin yake?"

Na gane ba jarumin yaƙi yake tambaya ba.

"Ruwan ya isa gare shi, Baba. Wanda ya sha ya san daga inda ya fito."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Na zura masa kuɗin mota ta ƙarƙashin ƙofa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da na iya ke nan."

Gwaggo ta dafa kafaɗarsa.

"Na je na same shi, ya gaya mini. Har ya rasu yana sa maka albarka. Kai ne ba ka taɓa bari a yi zancen ba."

Aka buga ƙararrawar shiga. Na zaci zai juya ya tafi. Sai ya ce, "Ina ake zama?"

A ranar nan Tauraruwa ta yi wasan da ba ta taɓa yi ba. Da mijin ya kira ta, hannunta ya tafi kan sakata, ta kamo shi da ɗaya hannun ta danne a ƙirji. Zaure ya cika da shessheƙa. Babana bai ɗauke ido daga dandamali ba har aka ja labule.

Bayan an tashi ta same ni a bakin zaure, kwalliyarta duk ta zube.

"Ni ce," ta ce.

"Na sani."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma nan gaba in za ki taimaka mini da zane, ki fara tambaya."

Ta yi dariya cikin kuka, ta tafi.

Darakta ya zo ya durƙusa a gaban Baba, a nan cikin mutane. Baba ya ƙare masa kallo.

"Kai ne mai wasan?"

"Ni ne, Baba."

"Mutumin nan da ya mutu, ya cika surutu. Wanda jini ya zuba haka ba ya dogon jawabi. Ka rage."

"To, Baba."

"Kuma ka ce wa manyanka ina gida ranar hutu."

Darakta ya ɗago ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na ɗaga masa gira.

Ai na gaya maka!

*

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura mana aure. Gwaggo ce ta ɗinka kayan, tana yi tana gaya wa duk mai shigowa shago cewa ita ta haɗa, allurarta shaida.

Watanni kaɗan bayan haka, ina shirya mana abin karyawa, angona na zaune da takardun sabon wasa, sai wayata ta yi ƙara. Mama ce. Na saurara, na toshe baki don kada dariya ta fito.

"Lafiya, zinariyata?" ya tambaya.

"Saƙo ne daga surukinka."

Ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga kamar Baba na ganin sa.

"Me na yi kuma?"

"Wai ya ji akwai tsohon likita a sabon wasan nan."

"Akwai..."

"To, ya ce kada ka kuskura ka ba wani. Gobe zai rufe kanti da wuri, yana nan zuwa gwaji."